Tarabulus, Inda Raƙumi Ke Miƙa wa Jirgin Ruwa Kaya

A yankinmu na Dutsin-Ma da Kurfi, har ƙauyuka irin su Ɗantutture, in aka ambaci Libiya abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne ci-rani: wane ya tafi, wane ya aiko da kuɗi, wane kuma shiru ake ji tun bara. Ba kasafai ake tuna cewa Tarabulus, babban birnin ƙasar, wuri ne da masu son tarihi ke biyan kuɗin jirgi don su je su gani da idonsu ba. Akwai samarinmu da suka share shekaru suna leburanci ko gadi a gefen garin, amma ƙafarsu ba ta taɓa taka cikin ganuwar tsohon birnin ba. Abin yana damuna, domin a cikin baƙin da ke shiga wannan birni, kaɗan ne ke da alaƙa da shi irin ta Bakatsine. Shekaru ɗaruruwa, a nan hanyar ayarinmu ta arewa take tiƙewa.

Sai dai kallon irin wannan gari yana da dabara. Wanda ya shiga bai san dalilin kafa shi ba, zai yi ta zagaye daga masallaci zuwa kasuwa yana ɗaukar hoto, ya fito ba abin da ya ƙaru da shi sai gajiya. A kan aiki ɗaya tsohon Tarabulus ya rayu: a karɓi kaya daga jirgin ruwa a ɗora wa raƙumi, a sauke na raƙumi a zuba wa jirgi. Fada da ganuwa da masaukan fatake da kasuwanni, har gidajen jakadu, kowanne wata buƙata ce ta wannan aiki ta haife shi.

A fara da taswira. Gaɓar Bahar Rum ta ɓangaren Afirka ba miƙaƙƙiya ba ce. Daga Tunis sai ta lanƙwasa ta gangaro kudu, ta yadda Tarabulus ya fi Tunis da Aljas kusa da ƙasar Hausa da Barno da tafiyar kwanaki masu yawa. A bayansa kuma babu manyan duwatsun Atlas da suka tokare Maroko da Aljeriya. Da ka haye tudun Nafusa, hamada ce a gabanka da rijiyoyinta. Ta wajen ruwa, ga tsibirin Malta da na Sisili nan kusa, daga can sai tasoshin Italiya da Faransa. Wurin da aka kafa garin wani tsinin ƙasa ne da ya kutsa cikin teku, ga jerin duwatsu a cikin ruwa suna karya ƙarfin igiya, don haka jirgi na iya fakewa ta gabas ya sauke kaya hankali kwance. A gaɓar da mafaka ke wuya, wannan kaɗai ya isa ya tara jama'a. Mutanen Finikiya, 'yan kasuwar teku daga inda Labanan take a yau, su suka fara gane haka wajen ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), suka kafa gari mai suna Oya. Tun daga nan wurin bai taɓa zama kufai ba.

Duk inda dukiya ke bi ta ƙofa ɗaya, sai an sami mai tsaron ƙofar. Shi ya sa abu na farko da zai tare maka ido daga Dandalin Shahidai shi ne Saraya Hamra, jar fadar da ke kusurwar kudu maso gabas ta ganuwa. Yau akwai babban titi tsakaninta da teku, saboda an cike gaɓar da ƙasa a shekarun 1970, amma a da ruwa na bugun bangonta. Wanda ke zaune a samanta yana ganin duk jirgin da ya shigo, bakin igwarsa na kallon tashar, ba mai sauke ko damin kaya ɗaya bai biya fito ba. Masu neman wannan kujera sun yi yawa. Amru ɗan Asi ya buɗe birnin ga Musulunci wajen 643. Sifaniyawa suka ƙwace shi a 1510, suka miƙa wa mayaƙan Kirista na Malta a 1530, Turkawan Santambul suka kore su a 1551. Gidan Karamanli ya riƙe sarauta daga 1711 zuwa 1835, Turkawa suka sake karɓa kai tsaye har zuwan Italiya. Kowa ya zo sai ya ƙara bango ko soro, shi ya sa cikin fadar ya zama farfajiya bayan farfajiya, lungu bayan lungu. Gidan tarihi na ƙasa a ciki yake, amma an rufe shi na tsawon shekaru bayan rikicin 2011, saboda haka a tambaya kafin a nufe shi.

Daga fada, kada ka yi gaggawar faɗawa kasuwa. Bi gefen ruwa ka yi arewa zuwa unguwar Babul Bahar, inda kayan jirgi ke fara taɓa ƙasa. A nan ginin Markus Oriliyas yake, ƙofar girmamawa ta farin dutse da aka yi wa sarkin Rumawa wajen shekara ta 165. Fuska huɗu gare ta, kowace da bakan gizonta, domin a mahaɗar manyan titunan garin biyu aka kafa ta, ɗaya daga cikinsu daga tasha ya taso. In ka matsa kusa za ka ga sassaƙen keken yaƙi da wasu dabbobi masu fukafukai ke ja, iskar gishiri ta cinye gefen wasu. Abin da ya fi dacewa ka lura da shi kuwa shi ne gindin ginin yana can ƙasa da titin yau, sai an gangara. Duk wanda ya san tsofaffin gidajen cikin birnin Katsina, inda sai ka sauka kafin ka shiga zaure, ya san dalili: gini ya rushe a baje shi, a yi wani a kansa, ƙasa ta yi ta tashi. Garin Rumawa yana nan ƙarƙashin ƙafarka. An yi zamanin da gidaje suka kewaye ƙofar har aka mai da ita shago da wurin ajiye kaya, sai a lokacin Italiya aka share kewayenta. A wata mararraba da ake kira Arba'a Arsat, za ka ga ginshiƙan Rumawa a cuse cikin kusurwoyin gidaje. Mutanen garin ba su ɗauke su kayan kallo ba, dutse ne mai kyau, suka yi gini da shi.

Wurin da na fi so mai ziyara ya daɗe a ciki shi ne funduƙ, masaukin fatake. Akwai su da dama a tsohon birnin, wasu sun koma shaguna da wuraren sana'a. Fasalinsu kusan ɗaya ne: ƙofa guda mai faɗi da tsawo, wadda raƙumi zai shige da kayansa, ana garƙame ta da dare, tsakar gida a buɗe, ɗakunan ƙasa marasa taga don ajiya, bene a sama da baranda kewaye, inda mai kaya ke kwana yana leƙen dukiyarsa. Me ya sa gari ke buƙatar irin wannan gida da yawa? Domin raƙumi da jirgi ba rana ɗaya suke isowa ba. Jirgin da iska ke turawa yana da nasa lokacin, ayari kuma yana kauce wa tsananin zafi, yana jiran ciyawa da lafiyar hanya. Kaya kan yi watanni suna jira. A wannan jiran ne dillali ke cin la'adarsa, ake auna kaya, ake tantance mai kyau da maras kyau, ake yanke farashi.

Ka tsaya a tsakar gidan ka lissafa abin da ya taɓa cika ɗakunan nan. Daga wajenmu akwai hauren giwa, da gashin jimina wanda kasuwarsa ta yi tashe a Turai a shekarun 1870 da 1880, da baƙin rini, da uwa uba fata. Fatar jar akuya, wadda majema suka jeme da bagaruwa suka rina da karan dafi, ta ratsa hamada dami-dami ta shiga jirgi, Turawa suka yi ta yin bangon littafi da takalma da ita. Irin akuyar da ke ɗaure a turke a gidajen Ɗantutture ke nan. Daga arewa kuma ana sauko da alharini da jar dara ta Tunis da alkyabba da duwatsun ado na Benis da allura da madubi da ruwan takobi na Jamus da turare da sukari, daga baya yadin Mancesta ya mamaye komai.

Akwai kuma takarda. Wanda ke da tsohon littafin kakansa na rubutun hannu, ya zare warƙa ɗaya a hankali ya ɗaga ta ga hasken rana. Sau da yawa zai ga jinjirin wata uku a jere, a cikin jikin takardar. Tambarin masana'antun arewacin Italiya ne, na yankin Benis, waɗanda suka riƙa yin takarda musamman don kasuwannin Musulmi. Da yawa daga irin wannan takarda ta tashar Tarabulus ta sauka, ta hau raƙumi, ta iso hannun malamanmu, suka rubuta Alƙur'ani da fiƙihu da wasiƙun sarakuna a kanta.

Tafiyar ta fi kilomita 2,000, kuma ba ayari ɗaya ke yin ta tun daga farko har ƙarshe da raƙuma ɗaya ba. Babbar hanyarmu ta bi ta Gadamas, ta Gat, ta shiga Azbin, ta sauko Damargu da Damagaram, sannan Katsina ko Kano. Wata kuma ta bi ta Murzuk da Bilma zuwa Barno. Manyan gidajen ciniki na Tarabulus, ciki har da na Yahudawan garin masu hulɗa da tashar Liborno ta Italiya, su ke ba da kaya bashi. Larabawan Gadamas su karɓa, su yi hayar raƙuma a hannun Buzaye zango-zango, suna biyan kuɗin wucewa ga masu ƙasa. Raƙumi ɗaya kan ɗauki kimanin kilo 150. Kafin kaya su je a sayar, a sayi wasu a dawo, an fi shekara. Cinikin da kuɗinsa ke kwana shekara a hanya ba ya yiwuwa sai da amana, shi ya sa Bagadamashe kan zaunar da ɗan'uwansa ko ɗansa a wancan ƙarshen hanyar, suna musayar wasiƙu da Larabci. A ƙarni na 18 Katsina ce kan gaba a wannan harka. Bayan jihadi ya ci birnin a 1807, aka shiga yaƙe-yaƙe da Maraɗi da Gobir, hanya ta lalace, fatake da yawa suka koma Kano, inda zuriyar wasunsu ke nan har yau a wajen Dandalin Turawa.

Ba zai yiwu a yi wannan lissafi a tsallake bayi ba. Mutane ma sun ratsa wannan hanya, a ƙasa, da yawansu mata da yara, wasu kuma ba su kai ba. Turkawa sun haramta cinikin a 1857, amma ya ci gaba a ɓoye shekaru bayan haka. Waɗanda suka kai, da zuriyarsu, da alhazan da guzuri ya yanke musu, sun kafa al'ummar Hausawa a garin. Yawansu ya kai har Turawan mishan, ciki har da Dokta Miller wanda daga baya ya zauna a Zariya, suka je Tarabulus koyon Hausa kafin su nufo Kano a 1900. Wani Bature mai suna Tremearne ya yi bincike a kan bori a tsakanin Hausawan Tunis da Tarabulus, ya buga littafinsa a 1914. Mai ziyara Bahaushe ya kamata ya tuna da waɗannan bayin Allah, ya yi musu addu'a, ko da babu allon da ke ɗauke da sunansu.

Kusa da ƙofar Markus Oriliyas akwai tsohon gidan jakadan Ingila, ginin 1744, da na Faransa ba nisa. Zamansu kusa da ruwa ba banza ba ne, daga saman soro jakada ke hangen tutar jirgin da ke shigowa. Sarakunan Karamanli sun daɗe suna cin kuɗin fashin teku da harajin da ƙasashe ke biya don a bar jiragensu su wuce, har suka gwabza da Amurka a kan haka daga 1801 zuwa 1805. Da Turawa suka toshe wannan kafa bayan 1815, sai Yusuf Basha na gidan Karamanli ya ƙara mai da hankali kudu, ya kuma yarda ya ba matafiyan Ingila rakiya don samun kuɗi da ƙawance. Ta haka Clapperton ya tashi daga nan a 1822, ya isa Kano da Sakkwato a 1824, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya tashi a 1850, ya shigo Katsina a farkon 1851. Da zai koma a 1855, yana tare da Dorugu, yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram wanda aka kama bawa aka 'yanta. A wannan tasha Dorugu ya shiga jirgi zuwa Turai, daga baya ya dawo gida, ya rasu a Kano a 1912. Baturen da ake kira Ɗan Hausa ma, wato Hanns Vischer, ya ratsa daga Tarabulus zuwa Barno a 1906.

Masallatai kuwa su ke nuna inda ribar ta tafi. Masallacin Naƙa shi ne ake ɗauka mafi tsufa, an sabunta shi a 1610. Ƙananan ƙubbobi ne jere a kan ginshiƙan da aka tsinto daga gine-ginen Rumawa, ba biyu da suka yi kama, hasumiyarsa mai kusurwa huɗu irin ta Magrib, fasalin da ba baƙo ba ne ga wanda ya san Gobarau. Na Dargut yana ɗauke da kabarin jagoran jiragen yaƙin Turkawa da ya rasu a yaƙin Malta a 1565. Na Ahmad Basha Karamanli, na shekarun 1730, yana bakin kasuwa daf da fada. Amma in lokaci ya ƙure, a zaɓi na Gurji, wanda wani shugaban jiragen ruwa, Mustafa Gurji, ya gina a 1834. Ƙarami ne, sai dai ba inda ido zai sauka bai sami aiki ba: tayil mai zanen furanni shuɗi da kore a bango, sassaƙen farar ƙasa a sama, ginshiƙan farin dutse, hasumiya siririya mai kusurwa takwas irin ta Turkawa. Kayan adon daga gaɓoɓi daban-daban na teku suka zo, kamar yadda ya dace da masallacin mai jirage. Bahaushe ba zai ji baƙunta a sahu ba. Malikawa ne kamarmu, karatunsu riwayar Ƙaluna ce, 'yar'uwar Warshu da allunanmu suka saba da ita, dukansu daga Nafi'u.

Bayan sallah sai a ratsa Suƙul Mushir da Suƙut Turk, a bi ƙarar guduma har layin maƙeran tagulla kusa da hasumiyar agogo, inda ake ƙera jinjirin watan da ake kafawa a kan hasumiyoyi. A zauna a sha shayinsu mai kumfa a ƙaramin kofi, wani lokaci da soyayyar gyaɗa a ciki.

Shekara ɗaya ta karya wannan tsari gaba ɗaya. A 1911 layin dogo ya iso Kano, a watan Oktoban wannan shekarar kuma sojojin Italiya suka sauka Tarabulus. Dama cinikin ya fara rauni, ga jiragen ruwa masu tururi a gaɓar Atlantika, ga Faransa ta mamaye Damagaram da Azbin. Da jirgin ƙasa ya zo, fatar da ke yin watanni a bayan raƙumi ta koma isa bakin teku cikin kwanaki, kudu ta zama ƙofarmu. Italiyawa suka gina sabon gari a wajen ganuwa, mai faffaɗan tituna da rumfunan siminti, suka bar tsohon yana tsufa. Babban cocinsu yanzu masallaci ne, babban titin da ya taso daga Dandalin Shahidai kuma sunan Umar Mukhtar yake ɗauke da shi, malamin da suka rataye a 1931. Wanda ke da kwana biyu na ƙari, ya je Labda, kimanin kilomita 120 gabas, mahaifar sarkin Rumawa Saftimiyas Seberus, ko Sabrata ta yamma. Su ma tasoshi ne a da, amma da ciniki ya bar su rairayi ya rufe su, shi ya sa titunansu da dandalinsu suka tsira kusan yadda suke. Hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 1982.

Tsohuwar hanyar ba ta mutu ba, kayanta ne suka sauya. Yau ta Maraɗi da Agadas da Sabha ake bi a bayan motoci, kuma abin da ake ɗauka 'ya'yanmu ne. Duniya ta ga hotunan cinikin baƙin haure a Libiya a ƙarshen 2017, an kuma kwaso dubban 'yan Najeriya daga wuraren tsare mutane. Tarabulus kansa bai gama samun zaman lafiya ba, ƙungiyoyi masu makamai sun gwabza a cikin gari a 2022 da 2023 da 2025, babban filin jirginsa ya lalace tun 2014, ta Mitiga ake sauka. Baƙar fata maras takarda yana cikin haɗari ko a tsakiyar kasuwa.

Don haka shawarata kashi biyu ce. Ɗan'uwan da ke can da takardunsa cikakku, ya ware safiya ɗaya lokacin da gari ke lafiya, ban da Juma'a da shaguna ke rufe, ya fara daga bakin ruwa ya shiga ciki a ƙasa, ya nemi izini kafin ya ɗaga waya don hoto, ya kauce wa ɗaukar shingen jami'an tsaro. Wanda kuma ke gida yana sha'awar gani, ya tanadi fasfo da biza da wanda zai karɓe shi, ya bi ta jirgin sama. In hakan bai samu ba, tsohon birnin Tunis yana da masaukan fatake da kasuwanni da masallatai a kan wannan tsari, kuma shigarsa ta fi sauƙi. Amma don Allah, kada wani ya bi ta hamada da sunan zai je ya gani.